Waken Aji Uku

A tashar bas ta Toledo nake kallonta, dattijuwa mai furfura. Katin da ke wuyanta ya ce Loretta Pruitt, malamar aji uku. A cinyarta kwamfutar hannu ce ta makaranta, tana ta maimaita bidiyon wake mai tsirowa cikin daƙiƙa goma. A gefen ƙafarta ga kwali cike da ledoji, kowace da jiƙaƙƙiyar takarda, ƙwayar wake da sunan yaro.

Direba ya leƙo. "Malama, yau ma da gonar za ki hau?"

"Bari kawai, Dwayne. Shugabar makaranta za ta zauna a darasina. Wai na'ura take son gani, ba leda ba."

Yatsanta ba ya kuskure a kan gilashin, don haka ba na jin na'urar take tsoro. Ina zaton fargabarta kada yaran su ga mai daƙiƙa goma, su daina rugawa tagar aji kowace safiya don duba nasu.

Ta cusa kwamfutar a jaka, ta ɗaga leda guda wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Na Tobias ya tsiro," in ji ta, tana hawa bas da kwalin. "Kwana tara yana jira. Ja mu a hankali."