Dutsen zoben matar likita

Duk unguwarmu a Tahoua an san Inna da wankin azurfa. In Sallah ta matso, har daga Barmou mata ke aiko mundaye, ta tafasa su a ruwan tsamiya, ta goge da toka. Munduwar da ta yi baƙi kamar gindin tukunya, in ta fito hannunta sai ka kare ido.

Bara matar likitan da aka turo mana daga Yamai ta aiko da zobenta, mai ɗan farin dutse da bai kai ƙwayar dawa ba. Inna ta jefa shi tukunya tare da sauran, ta cuɗe shi da ƙarfin da take dakan gero, ta watsar da ruwan a tsakar gida. Da ta ɗaga zoben, sai rami inda dutsen yake.

Mun zaci ƙarau ne irin na kasuwa, sai da mai zoben ta zo.

"Inna, lu'ulu'u ne fa. Shi kaɗai uwata ta bar mini."

"Madam, wanke shi na yi. Ban cire kome ba."

Matar likitan ba ta yi faɗa ba. Ta dai kalli bakin zanen Inna, inda mata ke ƙulle abin ɓoyo, ta fita.

Muka ɗauko rariya. Na rantse rabin ƙasar Adar muka tankaɗe. Na tsinci allura, ƙusa, da haƙorin da ƙanena ya zubar tun yana ɗan mitsitsi. Inna ba ta yi dariya ba, ko ruwa ta ƙi sha.

Sai na tuna kajinmu sun yi tsince-tsince a wurin da ruwan ya zuba. Baba ya wasa wuƙa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka ci nama kamar gidan suna, ba wanda ya ji daɗinsa. A ƙundun wata tsohuwar kaza da ko ƙwai ta daina yi, sai ga dutsen yana ƙyalli cikin tsakuwa.

Inna ta kai wa Madam shi har da ƙundun. Madam ta rungume ta, ta nemi gafara.

Amma maganar ta riga mu isa rijiya. Can na ji wata tana cewa, "Da aka matsa mata, ai kaza ta haifi lu'ulu'u." Sauran suka kwashe da dariya, har sai da suka gan ni.

Tun daga ranar ni ke ɗebo ruwan gidanmu. Inna ba ta ƙara taka bakin rijiyar ba.