Waƙar da Ta Kai Daji

Da hantsi 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu, can gabas da Rabah, uku-uku bisa babura. Ina cikin aji ina koya wa yara lissafi. Na ce kowa ya gudu, ni kuma na faɗa gida na goya mahaifiyata, wadda muke kira Inna, muka bi ta cikin gero. Matata ta riga mu fita da 'yarmu. Ƙanena bai fito ba, kuma har yau ba mu ga gawarsa ba.

A Wurno aka sauke mu a wata makarantar sakandare, iyali huɗu a aji ɗaya, an raba tsakani da zannuwa. Garin cike yake da 'yan kabu-kabu. Duk sanda babura uku suka wuce tare sai in tsinci kaina tsugune bayan bango. Kunya nake ji, amma jikina ya ƙi jin magana.

Shugaban makarantar, wani dattijo mai sanyin murya, ya ji cewa ni malami ne. Ya miƙo mini makulli.

"Malam, ga ɗakin littattafai can, gara ta kusa cinye shi. In kana iyawa, ka riƙe muna shi."

Na share, na shanya waɗanda ruwa ya jiƙa, na liƙe bangon waɗanda suka yage. Ɗakin ya yi mini saboda kaurin gininsa, ƙarar titi ba ta shigowa sosai. A nan na fara rubuta waƙa, abin da ban taɓa yi ba. Ta farko a kan ƙanena ce, na faɗi yadda aka shigo da abin da aka yi mana. Wani abokin aiki ya roƙe ni in rera ta, ya ɗauka a wayarsa. Ban kawo komai a raina ba. Bayan 'yan makonni na je kasuwar Goronyo, sai na ji muryata tana fita daga wayar wani mai albasa.

Wata rana bayan azahar, ɗalibai sun tashi, wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Na gane shi. Ɗan ƙauyenmu ne mai sayar da fetur a kwalabe, wanda ake raɗe-raɗin yana kai wa 'yan bindiga mai. Ƙofar ɗakin ɗaya ce, kuma shi ne a cikinta.

"Malam, ashe nan kake."

"Nan nike," na ce.

"Waƙarka ta kai daji. Sun ji ta. Suna tambayar wa yay yi ta."

"Kai mi kac ce musu?"

"Nic ce ban san muryar ba." Ya dubi kantocin littattafan, ya dubi taga. "Ka dai yi hankali."

Ya juya ya tafi. Na zauna a ƙasa. Ban sani ba ko gargaɗi ya kawo mini, ko aiko shi aka yi ya ga inda nake zama.

Kwana biyar ban buɗe ɗakin ba, na ce zazzaɓi nake yi. A rana ta shida na ɗauko littafin da nake rubutu a ciki zan jefa shi a murhu, Inna ta riƙe hannuna.

"Ko ka ƙone wagga, kana iya ƙone wadda ag ga wayoyin mutane? Aje shi. Ɗana na ciki."

Na mayar da shi ɗakin littattafai, na cusa shi bayan tsofaffin littattafan kimiyya da ba mai taɓawa. Na koma aiki, amma na ja teburina zuwa inda zan hango mai tahowa tun daga ƙofar makaranta. Na ci gaba da rubutu. Ban sake yarda a ɗauki muryata ba.

Ba wanda ya zo nemana. Bayan damina biyu na ga mai fetur ɗin a tashar Achida, zaune bisa ƙullin kaya da matarsa da 'ya'yansa, ya rame ƙwarai. Aka ce shi ma koro shi aka yi. Muka haɗa ido, na rasa ko in gode masa ko in kau da kai. Kafin in yanke shawara motarmu ta cika, direba ya ja.