Layin Dogon da Na Shimfiɗa wa Baba a Kan Ƙyaure

Shekarun baya, ba a jima da yanke mana Jigawa daga Kano ba, mahaifina ya fara rikicewa. Aikin reluwe ya yi a Kano tun yana saurayi, shi ne mai jan ƙarfen nan da ke sauya wa jirgi hanya. Da ya ajiye aiki ya dawo gida Fagam, garin da ko a mafarki jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba. Sai ga shi da hantsi zai ɗauki jan ƙyalle ya fice, wai jirgin kaya na tafe kuma ba a gyara masa hanya ba. Sau da yawa a daji ake tsinto shi, ƙafa duk ƙaya.

Yayana, wanda yake zaune da su Baba, ya gaji. Wata rana ya same ni a shagona na kafinta a Birnin Kudu, ko zama bai yi ba ya ce, "Na yi magana da maƙeri. Mari za mu sa masa."

Na ce, "Baban? Mari, sai ka ce mahaukaci tuburan?"

Ya ce, "Kai kana nan kana goge katako, ni nake bin sawunsa cikin ƙaya. In ya faɗa rijiya, kai za ka tsamo shi?"

Raina ya ɓaci matuƙa, amma gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ya ce ya ba ni, sai dai ranar da Baba ya sake fita, kada ya ji na ce uffan.

Dabarata ita ce, tunda jirgi yake fita nema, in kawo masa jirgi har ɗaki. Ni mai wayo, na hau mota zuwa Kano na sayo jirgin wasan yara mai batir, layinsa na roba, zagayayye kamar faifai. Na kunna a gabansa ina washe baki. Ya kalle shi ya zaga, ya sake zagawa, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ai akuya ce a turke. Ni ina aikina a nan?" Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Sai kuma abin mamaki. Mutumin da ke mance sunana ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zane da yatsa. Layi ɗaya miƙaƙƙe, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya sake rabuwa. Nan ake ajiye taragon gyaɗa, nan na fata, nan kan jirgi yake ja da baya ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Na auna zanen da igiya, na ga zai hau kan tsohon ƙyauren ɗakin mahaifiyata. Taragai na yi su da gwangwanin kifi, kan jirgi na sassaƙa da katako. Saura layin kansa.

Na kawo masa samfuri biyu ya zaɓa. Ɗaya gutsuren alminiyam ne na jikin taga, ɗayan kuma siririn rodi ne da maƙerin garin ya fyaɗe mini. Ni alminiyam nake so, don ba ya tsatsa. Baba ya nemi ƙusa, ya ƙwanƙwasa na farko, ya yamutsa fuska. Ya ƙwanƙwasa na biyu, ya kara kunne har sautin ya mutu, ya ce, "Yauwa, wannan ƙarfe ne. Ba zai ci amana ba."

Na ce, "Baba, damina fa, zai yi tsatsa."

Ya ce, "Yaro, yaushe ka fara aikin reluwe?"

Da ƙarfen aka yi, har da ɗan hannu a kowace mararraba wanda zai ja hanya ta sauya.

Duk ranin nan Baba bai fita ba. Yana idar da sallar asuba sai ya zauna gaban ƙyauren a zaure, ya tura wannan, ya jawo wancan, yana faɗa da direbobin da babu su. Inna ta samu barci. Ni kuwa duk Juma'a nakan hau babur in je in goge layin, in ɗiga wa mararrabun baƙin mai. Har yayana ya fara yi mini dariya yana kira na manajan tasha.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Rafi ya kawo ya yanke hanya, na yi makonni ban samu zuwa ba. Raɓa da lema suka shiga zauren, ƙarfe ya yi jawur. Inna ta ga Baba yana ja yana nishi abin ya ƙi motsi, sai ta zuba masa abin da take da shi, wato man gyaɗa. Ƙura ta kwanta a kai, kiyashi suka yi dafifi, mararraba ta ƙara cijewa. Ta ce mini daga baya, ranar ya daɗe yana ja, sai ya miƙe ya ce, "Hanya ta ƙi, kuma jirgi na tafe da mutane." Kafin ta sauke tukunya ya ɓace.

A wajen Dingaya manoma suka gan shi, tsaye cikin rafi, ruwa har ƙirji, yana kaɗa jan ƙyalle sama. Da ƙyar suka jawo shi.

Ranar da hanya ta buɗe na iso da kwalbar mai a aljihu. Tun daga bakin zaure na ji ƙarar sarƙa. Baba yana zaune, mari a ƙafarsa, an ɗaure a jikin ginshiƙi. Maƙerin da ya fyaɗe mana layin shi ya ƙera. Yayana ya kawar da kai, ni ma ban ce uffan ba, alkawari ne.

Na durƙusa na goge tsatsar, na ɗiga mai, na ja hannun ya tafi sumul. Na ce, "Baba, ga hanya ta gyaru." Bai ko kalli ƙyauren ba. Ya laluba aljihu ya ciro ƙusar nan, ya ƙwanƙwasa marin ƙafarsa, ya kara kunne. Sai ya ce, "Wannan ƙarfe ne. Ba zai ci amana ba."

Na fita bayan gida na yi kuka kamar yaro.

Bai sake taɓa jirgin ba, kuma bai ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganin laifin yayana ba, shi ya yi ta bin sawu cikin ƙaya. Amma har yau in na wuce maƙera na ji ana buga ƙarfe, sai in ƙara sauri. Ƙyauren yana nan a shagona, an sha taya shi na ƙi sayarwa. Duk Juma'a ina ɗiga wa mararrabun mai. Yanzu ba sa cijewa ko kaɗan, sai dai babu mai ja.