Man Gemu a Sanƙon Baba

Na girma, na yi aure, har na haihu, ban taɓa ganin tsakiyar kan Baba ba. Duk gidan mun san akwai sanƙo a ƙarƙashin hular, amma ko alwala zai yi, da hannu ɗaya yake ɗaga ta ya shafa ya mayar kafin a ƙifta ido. Wanzaminsa ne kaɗai ke gani, duk safiyar Juma'a a zaure, shi ma sai an saki asabari.

Shekarar da Allah ya kira shi aikin Hajji, ya je bitar maniyyata a Gumel da fara'arsa, ya dawo Gagarawa fuska a murtuke. Inna ta ɗauka labarin jirgi ne ya tsorata shi. Ko tuwo bai ci ba ya aika a kira ni, da yake gidan aurena ba nisa.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci, "malamin bita ya ce in an gama jifa akwai aski, kuma wanda ya aske kansa tas ya fi mai saisaye lada. Wani ya tambaya, to mai sanƙo fa? Ya ce a dai bi kan da aska, ya wadatar. Aka yi ta dariya."

Na ce, "To Baba, ai shi ke nan. Malam ya ce ya wadatar."

"Ya wadatar, amma ni bai ishe ni ba. Na ƙarar da ƙuruciyata a gona ina burin tafiyar nan. Kowa ya zauna gashinsa ya zuba a ƙasar Makka, ni kuma a goga mini aska a kai kamar ana wasa ta a dutse?"

Dariya ta taso mini, na danne ta, don na ga idonsa ba wasa a ciki.

Yayana direba ne, yana kai 'yan kasuwa Maigatari duk Alhamis. Da can gemunsa ɗan tsirit ne kamar na bunsuru, sai kwatsam ya cika fuska. Shi ya ce aikin wani man gemu ne da yake saya a wajen wani ɗan Nijar, 'yar kwalba mai rubutun Faransanci. Ni na ce shekaru ne kawai suka zo, bai kula ni ba. Baba kuwa ba irin tsiyar da bai yi masa ba a kan man nan, ya ce namiji da shafe-shafe sai ka ce amarya. Amma a yammacin nan ya kira shi ya miƙa hannu.

"Kawo man."

"Baba, na gemu ne fa."

"Gemun a jikin wa yake? Takin da ya yi wa fadama amfani ai ba zai ƙi tudu ba."

Yayana ya so ya ce wannan tudun fako ne, na taka masa ƙafa.

Ni aka ɗora wa aikin, don Baba ya ce Inna za ta yi masa dariya, kuma ya yi gaskiya. Bayan la'asar na shiga turakarsa, ya sa na tura ƙofa, ya yi bisimilla ya cire hula. Na tsaya sororo. Kan nan sumul yake, fari fat daga inda hula ta tsaya, yana ta ƙyalli. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin ya zama ƙarami haka ba. Na ɗiga man na murza, ya ce in ƙara, ba a rowar taki.

Abu na farko da ya yi shi ne sallamar wanzami sai bayan Hajji. Mutumin ya yi fushi sosai, ya riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu da zabirarsa yana gaisuwa ciki-ciki. Sai man ya fara nuna halinsa. Hulunan Baba duk suka yi zoben maiƙo. Inna ta ce matashin kansa ya koma kamar takardar ƙosai. Ga ƙamshi mai hawa kai, har a sahun masallaci dattawa suna waige-waige suna neman saurayin da ya kutso cikinsu. Wani abokinsa ya raɗa masa cewa in ƙarin aure zai yi, ya bari ya dawo tukuna. Kwalbar da yayana ke wata da watanni da ita, Baba ya ƙarar da ita kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, duk Alhamis kuma sai ya tare shi a bakin mota ya ce kada ya dawo hannu biyu.

Kullum na gama murzawa sai ya tambaya, "Ya tsiro?"

"Da sauransa, Baba."

"Duba da kyau. Haska da wayarki."

In haska, in ga fitilar tana kallona daga tsakiyar kansa. Wani lokaci haushi ya kama ni in ce a raina, dattijo da hankalinsa, malam ya riga ya ba shi mafita, shi ya ƙi bi. Amma gobe sai in ga ƙafata ta kawo ni.

Tsakiyar dai ba ta taɓa amsawa ba. Sai dai ƙeya da gefen kunnuwa, wuraren da wanzami ya saba kwashewa duk Juma'a, suka sami sarari suka fito da furfura mai laushi, har ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hula. Na san rashin aska ne ya fito da ita, yayana ma ya sani. Da Baba ya shafa ya ji ta a hannunsa, ya ce, "Kun gani ko? Daga gefe shuka take fara kamawa." Ba wanda ya musa masa. Yayana har da cewa dama ɗan Nijar ɗin ya ce haka yake farawa.

Da tafiya ta matso aka sake tuna musu a wajen bita cewa mai harami ba ya taɓa abin ƙamshi. Baba ya sa na wanke masa kai da sabulun salo har sai da ya ce zan saɓule masa fata, ya bar ragowar man a gida. Da za su tashi na ga yana ta gyara hula a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya kakkaɓe a hanya.

Ranar Babbar Sallah muna tsakar gida muna fama da nama, waya ta yi ƙara. Yayana ya ɗauka, ya miƙo mini, ya ce ni ake nema. Hayaniya ce kawai a can, da kabbarori, da ƙyar nake jin muryar Baba.

"Uwata, an yi aski."

"Alhamdu lillahi, Baba. Allah ya karɓa. Ya aka yi?"

Sai na ji yana jan hanci, Baban da ko ranar rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba.

"Da na tashi," ya ce, "sai da wanzamin ya ɗauko tsintsiya."