Shekarar da Binnen Kaka Ya Ƙone

Kwanakin baya ina cikin keke a hanyar Gubi na ji ƙarar sungumi a busasshiyar ƙasa. Kaf, kaf, kaf. Na leƙa, sai ga wani tsoho yana sara, jikarsa na bin sa tana zuba iri tana takewa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Har muka wuce ina waiwaye, don wannan ƙarar ta mayar da ni gonar kakata.

In ba ka taɓa noma ba, wannan shi ake kira binne. Mutum ya shuka tun ƙasa na bushe, iri ya kwanta yana jiran ruwan farko. In ruwa ya zo ya ɗore, ka riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tsiro rana ta ƙone shi, shi ke nan ka yi asara.

Shekarar da nake ba ka labari, Baba bai daɗe da rasuwa ba. Mu huɗu muka rage a ɗan gidanmu: Kaka, wato mahaifiyar Baba, da Mama, da ni, da ƙanena. Mama na soya ƙosai a bakin titi, amma abincin shekara daga gonar Kaka yake fitowa. Kawu, yayan Mama, ya zo daga Jos ya ce in har gona ba ta yi ba a bana, zai ɗauke ni in zauna wurinsa a rage baki. Ba mugu ba ne, taimako yake so ya yi. Ni kam na ƙi jinin maganar. Wa zai raba ni da tsohuwar da nake kwana a bayanta?

Bazara ta yi tsawo. Zafi har tabarma ba ta kwantuwa, mangwaro ya ƙare, rijiya ta koma laka. Wata safiya Kaka ta sauko da ƙullin gero daga saman ɗaki, shi kaɗai ne irin da ya rage mana. Mama ta ce, "Haba Kaka, ki bari ruwa ya zauna mana. In wannan ya lalace fa?"

Kaka ba ta iya karatu ba, amma abin da ta ji a coci ba ya fita kanta. Ta ce Ubangiji da kansa ya yi alkawari tun bayan ruwan tufana cewa shuka da girbi ba za su yanke ba. Ta ɗauki sungumi ta dube ni: "Taso, ƙawata, mai bakin tsiwa." Muka tafi. Tana sara tana waƙar zumuntar matan coci da yarenmu, ina zubawa ina takewa, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa.

Ruwa kuwa ya zo, ɗan kaɗan. Gero ya fito kore shar, na yi ta tsalle ina cewa ba ni ba Jos. Daga nan sama ta yi fes. Kullum Kaka na zuwa gona ta dawo, har ranar da ta ce in raka ta. Wayyo! Duk tsiron ya kwanta ya bushe kamar an babbaka shi. Ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da gefen zane. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, ko a jana'izar Baba daurewa ta yi.

Raina ya ɓaci, da ita da Allah gaba ɗaya. Na ce, "To ina alkawarin?"

Ta share ido ta dube ni. Ta ce, "Ni na yi gaggawa, ƙawata. Shi bai yi ƙarya ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A hanyar gida ta ci gaba da waƙarta a hankali, ni kuwa na ƙi amsa mata.

Ran Lahadi ba ta ɓoye ba. Ta miƙe a gaban matan zumunta ta ce binnenta ya ƙone, ba ta da iri, a sa ta a addu'a. Mama kamar ta nutse don kunya. Aka yi addu'a aka watse.

Da damina ta kankama sosai, sai mata suka fara shigowa gidanmu, kowace da ɗan ƙulli a bakin zane. Wannan gero, waccan farar dawa, wata ja, wata wake. Ba wadda take da yawa, kowace ta shuka nata, ragowa ce suka kawo. Har maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da daddawa da ba ta taɓa taka ƙofar coci ba, ta aiko da masara a gwangwani, ta ce a gaya wa tsohuwa Allah ba ya barci. Kaka ta juye duka a ƙwarya ɗaya. Mama ta ce a ware mana. Kaka ta ce ina lokacin warewa, ruwa na wucewa!

Kai, ka ga gona a shekarar nan! Wani dogo, wani gajere, masara na leƙen dawa, wake na naɗe ƙafar kowa. Masu wucewa su tsaya su yi dariya, wai gonar tsohuwa ta zama kasuwa. Girbinta ma wahala, yau ka yanki wannan, sai bayan makonni wancan ya nuna. Amma saboda haka ne tukunyarmu ba ta huta ba, kafin wani ya ƙare wani ya iso. Ranar godiyar girbi Kaka ta ɗora dami a ka ta shiga coci da rawa, mata na buga tulu suna guɗa.

Kawu ya zo, ya ci tuwo, ya leƙa ɗakin hatsi, ya koma Jos shi kaɗai. Na zauna da Kaka har ranar da na rufe mata ido.

Yau gonar nan ɗakunan ɗalibai ne, ban ma iya gane iyakarta. Iri kuma a leda ake sayensa a shago. Ni ma na sha nawa gwajin, na yi binne a abubuwa da yawa sun ƙone, na yi kuka, ban kuma ga ranar da aka yashe ni ba. Yanzu ni ce tsohuwa a zumunta. In wata ta miƙe ta ce a sa ta a addu'a, nakan yi addu'ar da zuciya ɗaya. In na koma gida kuma, sai in duba abin da ya rage mini, in ƙulla a bakin zane in nufi gidanta.