Wa ke ɗanɗana masa?

Jiya da la'asar muna kallon wani fim inda likitoci ke gwada sabbin magunguna a kan 'yan kaso, mutum ya sha ya manta har sunansa. Ƙannena sai dariya suke, wai ƙaryar Turawa ce.

Gwaggo Hajara da ta zo daga Jiratawa ba ta yi dariya ba. Ɗanta yana gidan kaso tun bara.

Ta ce, "Ɗana, in na kai masa tuwo, sai na ci loma a gaban gardi kafin a karɓa. To, abin da suke ba shi a ciki, wa ke ɗanɗana masa?"

Na ce, "Fim ne kawai, Gwaggo."

Ta ce, "Allah ya sa."

Jama'a, da ku ne, me za ku ce mata?