Yakuwar Bayan Kicin

Shekarun baya, lokacin da hare-hare suka yi tsanani a wajen Mora, muka ɗauko mahaifiyata muka kawo ta Garwa. Ba da son ranta ta zo ba. Yayana ne ya sa ta a mota kusan da ƙarfi, ya sauke ta a gidana a Rumde Ajiya, domin shi ɗaki ɗaya yake haya a Marwa.

Wanda ya san iyayenmu ya san nauyin zama a gidan suruki. Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ba ta ɗakin da ya fi iska, ya saya mata fanka da rediyo. Amma da ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta shige ciki. Abinci kuwa, loma biyu take yi ta ture kwano. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Muka je lopital, likita ya ce bai ga wata cuta ba. Maganarta kullum ɗaya ce, a mayar da ita gidanta, in mutuwa ce ta same ta a can.

Muna da maƙwabciya, wata dattijuwa Kirista daga duwatsun Mandara, wadda ke zaune wurin ɗanta. Katangar da ke tsakaninmu gajera ce, muna gaisawa ta sama. Da ruwan farko ya sauka ta miƙo mini gurguzu a ƙullin leda, wato irin yakuwa, wadda a nan aka fi kira folere. Ta ce in watsa a bayan kicin, na huta da sayen ganye a kasuwa.

Ni tela ce, abin da na sani ke nan. Ta ce in watsa, na kuwa watsa, duka ƙullin a wuri kamar faɗin tabarma. Da suka tsiro suka yi cunkus, kore shar, na riƙa kiran maigidana ya zo ya ga gonata. Na lura mahaifiyata tana kallon wurin daga bakin ƙofarta.

Wata rana na dawo daga shago da la'asar, sai na tarar da ita durƙushe a bayan kicin tana tumɓuke shukar. Ta tara tuli a gefe. Na zaci abin ya taɓa mata hankali. Na ce, "Inna, me yakuwar ta yi miki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kin cusa su kamar fasinjan motar Mora. Ta ina za su yi numfashi? Miƙo mini kwano."

Waɗanda ta cire ɗin da su ta yi miya a ranar, da kanta. Ta tafasa ganyen, ta sa 'yar kanwa ta kashe tsamin, ta dama gyaɗa, ta marmasa busasshen kifin Tibati a ciki. Ta ci tuwon dawa ta ƙara. Ni da maigidana muka yi kamar ba mu gani ba.

Daga nan wurin ya fita daga hannuna. Da sassafe tana can, tana tsinke kan shukar don ta yi rassa, tana korar kajin maƙwabta. Ta nan suka saba da dattijuwar. Dattijuwar yarenta daban, mahaifiyata kuma Fulatancinta bai nuna ba, sai suka haɗu a Hausar kasuwa. Ashe kasuwa ɗaya suke ci a da, har sun san mai gishiri ɗaya. Sukan yi musu ta saman katanga, mahaifiyata ta ce farar yakuwa ta fi daɗin miya, ita kuma ta ce ja ce yakuwa, tunda ita ke ba da soɓorodo mai launi. Ba wadda ta taɓa sallamawa.

Da kaka ta yi suka ɓare soɓorodon, suka shanya a kan kwanon ɗaki. 'Ya'yan kuma suka ce daddawar batso za su yi. Suka dafa, suka daka, suka rufe a tukunya ta ruɓa. Ranar da aka buɗe, wari ya cika layinmu. Maigidana ya shigo yana toshe hanci, yana tambaya ko ɓera ne ya mutu a rufi. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba, ta yi dariya har da hawaye, ta ce masa ya bari sai ya ci miyar tukuna.

Bayan wani lokaci hanya ta ɗan lafa. Yayana ya zo ya ce zai cika alkawarin da ya yi mata ranar da ya kawo ta, in tana so ya kai ta gida. Na shiga ɗaki don kada ta ga fuskata. Ina jin ta tana ce masa, "Yanzu dai ba dama, shukata ta fara fure. Ka dawo bayan kaka." Ya dawo bayan kaka, ta ce ba ta gama shanya ba. Haka suka yi ta yi har Allah ya karɓi abarsa a ɗakin nan nawa, shekaru bayan haka.

Na daɗe ina tunanin abin. Mun ba ta duk abin da muka ga ya dace, mun hana ta ɗaga ko tsinke, muna ganin gata muke mata. Ba mu gane cewa macen da ta yi rayuwarta tana ciyar da mutane ba za ta iya zama a riƙa miƙo mata kwano ba.

Dattijuwar ta tsufa ƙwarai yanzu, ba ta iya leƙo katanga. Duk damina ina shuka fara da ja, kuma in na yi miyar farko nakan kai mata da kaina. Takan ɗanɗana, ta jinjina kai, ta ce kanwar ta yi yawa. Sai ta ja kwanon gabanta ta cinye.